BABI NA TARA: DARAJAR DIGIRIN LISSAFI DA GURABEN AIKINSA

9.0 Gabatarwa

Daga cikin tambayoyin da iyaye da ɗalibai suke yawan yi wa malaman makaranta akwai wadda ta shafi zaɓen fannin karatu a jami'a. Idan yaro ya ce likitanci zai karanta ko aikin lauya, iyayensa ba sa neman ƙarin bayani, domin sunan fannin shi ne sunan aikin. Amma idan ya ce lissafi zalla zai karanta, sai a tambaye shi abin da zai zama idan ya gama. Amsar da aka fi bayarwa ita ce malamin makaranta, kuma akan bayar da ita ne cikin sigar tausayi. Da irin wannan amsa aka karkatar da yara masu hazaƙa da dama zuwa fannonin da ba su da sha'awa a kansu.

A wannan babi za a yi nazarin darajar digirin lissafi ta fuskar kuɗi, da kuma guraben aikin da yake buɗewa, tare da ɗaukar Nijeriya a matsayin misali. An kawo wannan batu cikin kwas ɗin Hausa ne saboda sau da yawa malamin Hausa ake turawa ya yi wa iyaye bayani da harshen da suke ji, musamman a taron iyaye da malamai. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, digirin lissafi tamkar jari yake a hannun ɗan kasuwa. Ribarsa ta dogara ne ga kasuwar da aka kai shi da kuma hajar da aka saya da shi.

9.1 Kalmar Lissafi da Matsayinsa a Wurin Bahaushe

Kalmar lissafi ararriya ce daga kalmar Larabci "al-hisab". Wajen aron sai Bahaushe ya haɗe tsagin "al-" da gangar kalmar, kamar yadda ya yi a kalmomin littafi da lokaci da labari. Daga wannan tushe ne kuma aka sami kalmar hisabi, wadda ta keɓanta ga sha'anin addini. Ma'anar lissafi a Hausa ta zarce ƙirga lambobi. Idan aka ce wane mutum ne mai lissafi, ana nufin yana auna al'amari kafin ya shiga. Idan kuwa aka ce lissafi ya ƙwace masa, to al'amuransa sun rikice ke nan.

Tun kafin zuwan ilimin boko Bahaushe ya san cewa lissafi fanni ne da ake neman masaninsa. Malamin da ke rabon gado dole ne ya iya sarrafa rabi da rubu'i da sumuni da sulusi da sudusi, mai fitar da zakkar kuɗi kuma ya san ɗaya bisa arba'in na dukiya. Haka nan ƙasar Katsina ta fitar da Muhammad bn Muhammad al-Kashinawi, wanda ya rubuta littafi a 1732 a kan jadawalin lambobi da jimlarsu take zama ɗaya ta kowace fuska, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Saboda haka lissafi ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar Hausa. Abin da yake sabo shi ne digirin jami'a da kasuwar aikin da ake kai shi.

9.2 Yadda Ake Samun Digirin

Ɗalibin da ya gama sakandare yana buƙatar kiredit biyar, ciki har da Ingilishi da Lissafi da Fiziks, sannan ya zauna jarrabawar hukumar JAMB. Karatun shekara huɗu ne. Wanda yake da takardar NCE mai kyau a fannin lissafi yana iya shiga kai tsaye daga aji biyu, ya kammala cikin shekara uku. Akwai kuma bambanci tsakanin digirin lissafi zalla da digirin koyar da lissafi, wanda ake yi a tsangayar ilimi, inda ake haɗa lissafin da dabarun koyarwa.

Lissafin jami'a ya sha bamban da na sakandare. A sakandare akan ba ɗalibi ƙa'ida ya yi aiki da ita ya fitar da amsa. A jami'a kuwa ana neman ya kafa hujjar da ta sa ƙa'idar ta zama gaskiya, mataki bayan mataki, ba tare da ya tsallake ko ɗaya ba. Ana karanta aljabara mai zurfi da kalkulas da lissafin yiwuwar aukuwar abu da ƙididdiga da hanyoyin warware matsala da kwamfuta. Wannan horo na bin hujja da haƙuri shi ne ainihin abin da masu ɗaukar aiki suke saye idan sun ɗauki mai digirin lissafi.

9.3 Yadda Ake Auna Darajar Digiri da Kuɗi

Masana tattalin arziki suna auna darajar digiri ne ta hanyar kwatanta abin da aka kashe a kansa da ƙarin kuɗin shigar da ya jawo wa mai shi. Abin da aka kashe kashi biyu ne. Na farko shi ne kuɗin da ya fita daga aljihu, wato kuɗin makaranta da na masauki da abinci da littattafai da sufuri. Na biyu shi ne kuɗin da ɗalibi zai samu da a ce aiki ya kama a maimakon karatu. Mafi yawan iyaye na farkon kawai suke ƙirgawa, wanda hakan ke mayar da lissafin nasu na dokin Rano.

Ga misali domin fahimta. A ɗauka ɗalibi yana kashe naira 500,000 a shekara, wato naira 2,000,000 a shekara huɗu. A ɗauka kuma da bai tafi jami'a ba zai sami aiki a kan mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda aka mayar naira 70,000 a 2024. A wata 48 ya rasa naira 3,360,000 ke nan. Jimlar jarin da ya zuba ita ce naira 5,360,000.

Idan digirin ya sa yana samun ƙarin naira 50,000 a wata a kan abin da zai samu ba tare da shi ba, sai ya yi kusan shekara tara kafin ya mayar da jarinsa. Idan kuwa ƙarin ya kai naira 200,000, wata 27 sun isa. Digiri ɗaya ne, jami'a ɗaya, amma wurin aiki ya sa wannan ya mayar da uwar kuɗi cikin shekara biyu da 'yan watanni, wancan kuma sai bayan shekara tara.

Akwai abubuwa biyu da ke ƙara dagula wannan lissafi. Na ɗaya shi ne jinkiri. Yajin aikin malaman jami'a ya ɗauki kimanin wata tara a 2020 da wata takwas a 2022, sannan akwai shekarar yi wa ƙasa hidima da zaman jiran aiki. Kowane wata da ya wuce a haka ƙari ne a kan jarin. Na biyu shi ne hauhawar farashi, wadda ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024. A irin wannan hali, albashin naira 100,000 da bai motsa ba, bayan shekara guda abin da zai saya bai wuce na kimanin naira 77,000 ba. Don haka aikin da albashinsa ke ƙaruwa da ƙwarewa ya fi wanda sai an jira ƙarin girma daraja.

A Ingila, inda ake haɗa bayanan karatu da na haraji, cibiyar bincike ta IFS ta fitar da nazari a 2018 wanda ya nuna cewa likitanci da tattalin arziki ne suka fi kawo albashi mai tsoka, lissafi kuma yana cikin fannonin da ke sahun gaba. Sai dai ba daidai ba ne a ɗauko wannan sakamako a ɗora wa Nijeriya kai tsaye, domin yawan kamfanonin da ke neman masana lissafi a ƙasashen biyu ba ɗaya ba ne.

9.4 Guraben Aiki

9.4.1 Koyarwa

Koyarwa ita ce ƙofar da ta fi kowace faɗi, saboda ana koyar da lissafi a kowane aji daga firamare har ƙarshen sakandare, ƙwararrun malamansa kuma ba su wadata ba, musamman a karkara. Mai digirin lissafi zalla yana buƙatar difloma ta gaba da digiri a fannin ilimi, sannan ya yi rajista da hukumar TRCN, kafin a lissafa shi cikin ƙwararrun malamai. A makarantun gwamnati mai digiri yakan fara ne daga mataki na 8 na albashi, mai NCE kuma daga mataki na 7. Abin lura shi ne, matakin ba ruwansa da fannin da aka karanta. Ribar aikin tana ga tabbacinsa da fanshonsa, kuma dokar tarayya ta 2022 ta ƙara shekarun ritayar malamai zuwa shekara 65 na haihuwa ko 40 na aiki. Bugu da ƙari, malamin lissafi yana cikin waɗanda aka fi nema domin darasin bayan makaranta, musamman idan jarrabawar WAEC da NECO ta gabato.

9.4.2 Aikin Gwamnati da Ƙididdiga

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da Hukumar Ƙidayar Jama'a da Babban Bankin Nijeriya da ma'aikatun kasafin kuɗi da tsare-tsare na jihohi duk suna aiki da masana lissafi da ƙididdiga. Su ne suke fitar da alƙaluman hauhawar farashi da na rashin aikin yi, su kuma yi hasashen kuɗin shiga da ake gina kasafi a kai. Ƙungiyoyin raya ƙasa masu aikin lafiya da ilimi da noma su ma sukan nemi jami'an tattara bayanai da auna nasarar ayyuka. A nan mai digirin lissafi da ke jin Hausa yana da fifiko a jihohin Arewa, domin yana iya shiga ƙauye ya yi tambaya da kansa, ya kuma dawo ofis ya tace amsoshin.

9.4.3 Banki da Inshora da Fansho

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi canza darajar digirin lissafi a Nijeriya. A 2004 Babban Banki, ƙarƙashin Farfesa Charles Soludo, ya umarci bankuna su ɗaga jarinsu zuwa naira biliyan 25, abin da ya rage yawansu daga 89 zuwa 25 a ƙarshen 2005. Manyan bankunan da suka fito daga wannan haɗaka suna da sassan auna haɗarin bashi, inda ake lissafa yiwuwar mai karɓar rance ya kasa biya. A shekarar 2004 ɗin ce kuma aka yi dokar fansho ta adashi, wadda aka sabunta a 2014 ta yadda ma'aikaci zai riƙa zuba kashi 8 cikin ɗari, wanda ya ɗauke shi aiki kuma kashi 10. Kamfanonin da ke juya waɗannan kuɗaɗe suna buƙatar masu iya lissafin riba da haɗari na shekaru masu yawa.

Sana'ar da ta fi danganta da lissafi a wannan ɓangare ita ce ta masanin lissafin inshora. Aikinsa shi ne ya ƙiyasta, alal misali, mota nawa cikin dubu goma za su yi haɗari a shekara, da nawa ya kamata kowane mai mota ya biya domin kamfani ya iya biyan diyya bai karye ba. Ƙwararrun wannan sana'a kaɗan ne ƙwarai a Nijeriya, buƙatarsu kuma ta ƙaru tun da sabuwar ƙa'idar lissafin kamfanonin inshora ta duniya ta fara aiki a 2023. Amma digiri kaɗai bai isa ba. Sai mutum ya ci jerin jarrabawoyin ƙwararru, waɗanda akasari ƙungiyoyin Ingila da Amurka ke shiryawa, kuma sukan ɗauki shekaru da kuɗi mai yawa. Haka ma mai son zama akanta sai ya bi ta jarrabawar ICAN ko ANAN.

Wasu iyaye sukan ƙyamaci wannan ɓangare saboda kuɗin ruwa. Yana da kyau malami ya sanar da su cewa akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, da kuma kamfanonin takaful, kuma su ma da lissafi suke raba riba da asara.

9.4.4 Kwamfuta da Sadarwa

Tun da aka fara amfani da wayar salula ta GSM a Nijeriya a 2001, harkar sadarwa ta zama babbar kasuwar masu lissafi. Tsaron kuɗin da ake turawa ta waya ya dogara ne ga dabarun ɓoye saƙo, kuma ɗaya daga cikin fitattunsu, wadda aka fitar a 1977, an gina ta ne a kan lambobin da ba sa rabuwa sai da kansu ko da ɗaya. Wannan fanni ne da a da ake ganin ba shi da amfani a wajen aji. Haka nan ƙirƙirarriyar basira, wadda ta yaɗu a duniya tun daga 2022, tushenta aljabara ne da kalkulas da lissafin yiwuwa. Kamfanonin waya da na hada-hadar kuɗi ta intanet, irin su Interswitch da Paystack da Flutterwave, suna ɗaukar masu rubuta manhaja da masu nazarin bayanai. Wasu matasan ma suna zaune a gida suna yi wa kamfanonin ƙetare aiki ana biyan su da dala. Sharaɗin shiga wannan kasuwa shi ne iya aiki da kwamfuta a zahiri, wato sanin irin su Excel da Python da R, tare da nuna aikin da mutum ya taɓa yi da hannunsa.

9.4.5 Bincike da Karatu Mai Zurfi

Wanda ya fita da sakamako mai daraja ta ɗaya, ko ta biyu babba, yana iya samun gurbin mataimakin malami a jami'a ya ci gaba zuwa digiri na biyu da na uku. Akwai Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Abuja, wadda aka kafa a 1988, da kuma cibiyar AIMS da aka buɗe a Afirka ta Kudu a 2003, mai rassa a Senegal da Ghana da Kamaru da Ruwanda, wadda ke ɗaukar nauyin karatun digiri na biyu ga ɗaliban Afirka. Farfesa Chike Obi shi ne ɗan Nijeriya na farko da ya sami digirin digirgir a lissafi, a 1950. A Arewa kuwa akwai Farfesa Iya Abubakar, wanda ya koyar da lissafi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya shugabance ta daga 1975 zuwa 1978, ya zama Ministan Tsaro a 1979, sannan Sanata daga 1999 zuwa 2007. Wannan hanya ta fi kawo martaba a kan dukiya, kuma tana buƙatar dogon haƙuri.

9.5 Abubuwan da Ke Ɗaga Darajar Digirin ko Su Rage Ta

Abu na farko shi ne darajar sakamako. Bankuna da manyan kamfanoni sukan nemi daraja ta biyu babba zuwa sama, wasu kuma sukan sa iyakar shekarun haihuwa. Ɗalibin da aka tura sashen lissafi don kawai bai sami gurbin injiniya ba, ya kuma zauna cikin ɓacin rai har ya fita da ƙaramin sakamako, ya rufe wa kansa ƙofofi da yawa.

Abu na biyu shi ne sana'ar da aka haɗa da digirin. Lissafi da ilimin kwamfuta, ko lissafi da akanta, ko lissafi da ƙididdiga, kowanne ya fi lissafi shi kaɗai kasuwa. Ya kamata a fara wannan haɗi tun ana aji biyu ko uku, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu na uku shi ne harshe. Wanda ya warware matsala amma ya kasa bayyana wa manaja ko kwamishina abin da ya gano, a rubuce ko da baki, wani ne zai ci moriyar aikinsa. A nan ne aikin malamin harshe yake haɗuwa da na malamin lissafi.

Abu na huɗu shi ne wurin zama. Mafi yawan hedikwatocin bankuna da kamfanonin inshora suna Legas ne, hukumomin tarayya kuma suna Abuja. Wanda yanayinsa bai ba shi damar barin gida ba, kamar yadda yake ga mata da yawa, zai fi dogara ga koyarwa ko aikin jiha ko aiki ta intanet, wanda shi kuma yake buƙatar wutar lantarki da kwamfuta mai kyau.

9.6 Nauyin da Ke Kan Malami

Malami yana iya yin kuskure ta fuska biyu. Yana iya kashe wa yaro gwiwa da cewa lissafi ba ya kai mutum ko'ina sai gaban allo. Yana kuma iya ruɗar sa da labarin irin su James Simons, Ba'amurken malamin lissafi da ya kafa kamfanin zuba jari a 1982 ya zama hamshaƙin attajiri, alhali irinsa ɗaiɗaiku ne a duniya. Abin da ya dace shi ne ya zaunar da yaro da iyayensa ya yi musu lissafin kashewa da samu kamar yadda aka nuna a sama, ya kuma sanar da su cewa tun 2024 akwai asusun NELFUND na gwamnatin tarayya mai ba ɗaliban manyan makarantun gwamnati rance ba tare da ruwa ba.

Har ila yau, tsoron lissafi yakan samo asali ne tun daga firamare, inda ake koyar da yaro tarawa da ɗebewa da harshen da bai gama ji ba. Malamin da ya iya bayyana rabawa da ninkawa da Hausa mai sauƙi, yana kawo misali da mudu da tiya da canjin kuɗi a kasuwa, ya taimaka wajen samar da waɗanda za su cike guraben da aka lissafa a wannan babi.

9.7 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa lissafi tsohon ilimi ne a ƙasar Hausa, an kuma bayyana yadda ake samun digirinsa da yadda ake auna darajarsa da kuɗi. An nuna cewa digiri ɗaya yana iya mayar da jarinsa cikin shekara biyu ko cikin shekara tara, gwargwadon wurin da aka kai shi. An kawo guraben aiki biyar, tare da sharaɗin shiga kowanne. Ɗalibin da ya fita da sakamako mai kyau, ya haɗa lissafinsa da wata sana'a, ya kuma iya bayyana aikinsa, yana da zaɓi mai faɗi. Wanda ya riƙe takarda kaɗai kuwa zai shiga layin neman aiki daidai da kowa.

Tambayoyin Auna Fahimta

1. A bayyana asalin kalmar lissafi, sannan a kawo wasu kalmomi uku da aka aro ta irin wannan hanya.
2. Mene ne bambancin kuɗin da ya fita daga aljihu da kuɗin da aka rasa saboda zaman karatu?
3. Ɗalibi ya zuba jarin naira 4,800,000 a karatunsa, digirin kuma ya jawo masa ƙarin naira 80,000 a wata. Shekara nawa zai yi kafin ya mayar da jarinsa?
4. A kawo guraben aiki huɗu na mai digirin lissafi, tare da abin da ake buƙata bayan digiri a kowannensu.
5. A rubuta jawabi mai shafi ɗaya, da daidaitacciyar Hausa, wanda malami zai gabatar a taron iyaye da malamai a kan zaɓen fannin lissafi.